Giga Biyun Zainabu

Tun da na dawo daga Keita ban sha shayi da daɗin rai ba. Da na zauna a fadarmu ta bakin tasha, kafin a zuba na fari sai wani ya ce, "Lawali, wai mi ya hwaru can?" In ce hanya ba kyau. A ce ba hanya aka tambaye ni ba. In ce an yi ruwa sosai wajen Buza. A kwashe da dariya. To na gaji da kewaye-kewaye. Ga shi na rubuta da hannuna, a kan na'urar da ta kunyata ni, kowa ya karanta ya ƙyale ni in sha iska.

Wanda bai san ni ba, ni ne Lawali mai buga takardu a Madawa. Shagona yana bayan kasuwa. Takardar neman aiki, katin biki, fotokopi, duk wajena ake zuwa, har aka laƙaba mini Lawali Ordinatar, wato mai kwamfuta, kuma ban taɓa ƙin sunan ba. Sai dai shekarun nan aiki ya ja baya, don kowa ya riƙe salula yana ganin shi ma malami ne.

Ita kuwa Zainabu ɗiyar Gwaggo Hajo ce, ƙanwar mahaifina da ke aure a Keita. Taubashiyata ce ke nan, kuma kun san tsakanin taubasai ba kunya ba fushi. Ni ɗan namiji, ita ɗiyar mace, saboda haka duk watan cika-ciki ni ke ba ta shara, kyautar nan ta taubasai. Kusan shekara biyu da suka wuce ta zo Madawa daidai lokacin, ta tsaya a ƙofar shagona gaban mutane ta ce bana ba ta karɓar turare ko ɗan kwali, abin kirki take so in ni ɗin namiji ne. A lokacin ina da wata tsohuwar ordinatar ta hannu da ta ishe ni. Ana cikin aiki sai fuskarta ta koma shuɗiya, ta mutu, aikin da ke kai ya bi iska. Na riga na sayi wata, ita ma ba sabuwa fil ba amma ta fi ta ƙarfi. Sai na buga ƙirji na ce, "Gobe ki zo ki ɗauki ordinatar sukutum." Mutane suka yi ta sa mini albarka.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai yau. Kafin ta zo ɗauka, na rufe shago na kwance bayan tsohuwar. A cikin kowace ordinatar akwai wasu ƴan alluna sirara, tsawon yatsa, muna ce musu baret. Su ne memwar, wato wurin da na'ura ke baza aikin da take yi a yanzu. Diski shi ne rumbu, can ake ajiya. Memwar kuwa faifai ce da ake ɗibo hatsi a kai ana aiki, in faifan ya yi ƙanƙanta aiki ya yi nawa, in wuta ta ɗauke abin da ke kai ya zube. Tsohuwar tana da baret biyu, kowace giga biyu. Na zare ɗaya, na soka ta a tawa mai giga huɗu, ta zama shida. Na ce a raina mace da za ta riƙa kallon hotunan biki me za ta yi da giga huɗu? Na mayar da murfi, na goge ta da tsumma, na ba ta da fara'a.

Tawa ta yi kwanaki lafiya, daga nan ita ma ta fara wannan ciwon na shuɗiyar fuska. Na ɗora wa zafin Madawa, na ɗora wa wutar lantarki, na ɗora wa cutar na'ura da yara ke kawowa a ƴan makullansu na ajiyar waƙa da hoto. Maganin cuta har iri uku na zuba mata, suna ta gadi a lokaci guda.

Ana nan, farkon daminar bana, Alhaji Ɗan Juma ya shigo shagona. Shi ne shugaban wata ƙungiyar manoma da ta haɗa mutanen Madawa da Buza da Keita. Ya ce suna da akwatuna cike da tsofaffin takardun gonaki, na filayen da iyaye suka farfaɗo daga fako da hannunsu, gara ta fara cin su. Suna neman wanda zai ɗauki hotonsu a na'ura ya jera sunaye, aikin shekara biyu. Zuciyata ta yi fari, don aikin nan shi zai tsayar da shagona da ƙafafunsa. Har na fara godiya sai ya ce, "Amma hwa mutanen Keita sun kawo sunan wata yarinya, Zainabu. An ce ƴar uwarka ta. Ku taho Keita ranar Laraba ku gwada gaban dattawa, wanda Allah ya ba shi ya ɗauka."

Na yi dariya a gabansa. Da ya fita na zauna na rasa abin da ke mini daɗi. Zainabu? Da na'urar da na jefar, wadda ma na rage wa rabin ƙarfi?

Ranar Litinin na kama hanya, da ordinatar a jaka da ƙunshin kilishi na tsarabar Gwaggo. Motar Buza ƴar kujera goma sha tara ce, na ƙirga mu ashirin da bakwai, ban da awaki biyu da buhunan albasa a sama. Ni da na saba zama ni kaɗai gaban tebur sai ga ni a matse tsakanin wani mai sayar da tabarmi da wata tsohuwa mai kaza a cinya. Muna barin kwarin Madawa ƙasa ta fara ja, duwatsu suka fara yawa. A hawa na farko motar ta yi kuka, ta yi tari, ta tsaya. Direba ya leƙo ya ce, "Maza ku sauka ku taka, mu gamu bisa." Muka sauka muka hau tudu da ƙafa, muka shiga. A hawa na gaba ma haka. Sau huɗu muna wannan shiga da fita, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba ta cinye mana wuni.

Tsohuwar mai kaza ta ga ina rungume da jaka kamar jariri, ta tambayi abin da ke ciki. Na gaya mata da ɗan taƙama. Ta ce, "Ayyo, irin na ɗiyar ga ta Keita! Ta zo garinmu wajen Azarori ta rubuta sunayen matan garin duka, ko awa biyu ba ta yi ba. Allah shi yi mata albarka, hannunta awa walƙiya." Na ce amin, ba da son raina ba.

A Buza na sauka gidan Isuhu, abokina tun muna lakwal, makarantar boko, yanzu shi ma malami ne. Gari ne a kan dutse, duk inda ka taka tsakuwa. Ruwan alwala da aka kawo mini a ƴar buta, a Madawa ko hannu ɗaya ba zai ishe ni ba, mu da rijiyar lambu ke kusa da hanci. Na zuba shi yadda na saba, kafin in kai ga ƙafa ya ƙare. Matar Isuhu ta ƙaro, amma na ga yadda ta dubi ƙasar da na jiƙa. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da ta ji daddawa, na ci na manta baƙin cikina, har Isuhu ya buɗe baki.

"Ashe Zainabu taubashiyarka ta? Kai, kun yi sa'a. Muna da ordinatar shida a lakwal ɗinmu, shekara da shekaru lulluɓe da zane, an ce sun tsuhwa. Ta zo ta kwana biyu, ta tashe huɗu. Ko ƙusa ba ta saya ba."

Na ce ai ni na koya mata. Ƙarya ce, ko kunnawa ban nuna mata ba. Isuhu ya ce, "To lalle ɗalibi ya hi malami." Da wasa ya faɗa, amma na kasa ƙarasa tuwon. Na kwanta a kan tabarma ina ta lissafi, na tsayar a raina cewa lalle wani ya saya mata memwar ya ƙara, ko ma wani furoje na masu ba da agaji ya ba ta sabuwar na'ura tana ɓoyewa. Wannan tunanin ya ɗan sanyaya mini rai.

Da safe na sami wata a-kori-kura mai zuwa Keita. Iyakar ƙasa dai ba mu ƙetare ba, iyakarmu igiyar jandarma ce a bakin gari. Aka duba katin kowa, wani jandarma ya ce in buɗe jaka. Da ya ga ordinatar sai ya yi murmushi ya ce, "Wajen Malama Zainabu za ka kai gyara?" Na ce a'a, ni ma gwani ne. Ya ce to Allah ya kiyaye hanya. Malama! Yarinyar da na goya a bayana ranar sunan ƙanenta.

Bayan mun wuce wajen Dewule muka tarar da ƙorama ta kawo. An yi ruwa can sama, ga shi yana gudu ja wur, ya raba hanya biyu. Direba ya kashe mota ya ce sai ta sauka. Muka baje a gindin wata bagaruwa. Wani Buzu mai suna Agali ya fito da kayan shayinsa, gawayin da bai cika tafin hannu ba da ƴar butar da ba ta fi dunƙulen yaro ba, ya shayar da mutum tara har zagaye uku. Yunwa ta taso, kowa ya fito da abin da yake da shi, ni kuwa ƙamshin kilishi ya tona mini asiri. Na buɗe don a ɗanɗana, kafin in ankara sai takarda. Haka tsarabar Gwaggo ta ƙare a bakin ƙorama.

Don in huce, na fito da ordinatar in nuna wa mutanen ƙauye abin mamaki. Ta ɗauki lokaci kafin ta farka, don abubuwa wajen ashirin ke tashi tare da ita, kowanne yana neman wurin zama. Na buɗe hotuna, na buɗe waƙa, na buɗe takardu. Fankar cikinta ta fara gurnani, gindinta ya yi zafi har na ɗaga ta daga cinya. Wata mata ta ja ɗanta baya ta ce, "Malam, tashi za ta yi?" Ba a yi rabin awa ba batir ya ƙare. Agali ya dube ni ta saman rawaninsa ya ce, "Abin ga naka yana da ci." Ya ci gaba da fifita gawayinsa.

Sai bayan la'asar ruwa ya janye muka ƙetare. Daga nan har Keita abin da na yi ta gani shi ne jerin duwatsu a kan gangare, layi bayan layi, da ƴan ramuka masu siffar rabin wata, kowanne riƙe da ɗan ruwansa da ɗan geronsa. Mutanen nan ko ɗigon ruwa ba su yarda ya wuce su banza ba. Mu a kwari mukan yi musu dariya mu ce rowa ce.

Gwaggo Hajo ta tarbe ni da guɗa, ta ce ɗan wanta ya zo. Na ba ta haƙuri a kan kilishi, ta ce ai ganina ya fi kilishi. Sai ga Zainabu ta fito daga ɗaki tana gyara lulluɓi.

"Lale da ubangidana! An zo ganin yadda baiwa ka cin arziki?"

"An zo karɓe aikin maza daga hannun yara," na ce.

"To Allah shi kai mu gobe. Ka sha hura tukuna, na ga hanya ta cinye ka."

Ina shan fura ina ba su labarin motar Buza da hawa huɗu, Gwaggo tana dariya har da hawaye. Idona kuwa yana ɗakin Zainabu. Da ta tafi yin sallar magariba na ce zan sa na'urata caji, na shiga. Fano ɗaya na hasken rana gare ta a kan rufi da batir guda. A kan tebur ga tsohuwata. Ita ce, ba wata ba, har da tabon da na yi mata da man goge kuskure a gefe. An ɗora ta a kan ƴan bulo biyu don iska ta riƙa bi ta ƙasa, an rufe ta da ƙyalle mai tsabta, ga ɗan burushi a gefe na share ƙura. Na danna. Kafin in gyara zama ta farka. Na shiga inda ake ganin ƙarfin na'ura. Giga biyu. Ba wanda ya ƙara mata komai.

Wallahi da na ga takwas da na yi barci mai daɗi. Biyun nan su suka tsaya mini a rai.

"Ka gama binciken?" Tana tsaye a bakin ƙofa da carbi a hannu.

Na dake na ce, "Wane boka ya yi miki aiki a kanta?"

Ta zauna a bakin gado ta ce ba boka. Ta ce da ta kawo ta gida ko takarda ɗaya sai ta yi ta jira kafin ta buɗe. Sai ta je Tawa wajen wani tsohon malaminta, ya sauke mata tsarin da ke kai mai nauyi, ya sa mata wani marar nauyi, ya nuna mata tagar da ake ganin abin da kowane aiki ke ci na memwar. Sauran ita ta koya wa kanta. Ta buɗe tagar ta nuna mini. Duk abin da ba ta buƙata ta hana shi tashi da na'ura. In tana rubutu, rubutu kaɗai ne a buɗe. In ta gama da abu ta rufe shi ruf, ba ta tura shi gefe ba. Hoto kuwa ba ta ɗaukarsa da nauyin da ya wuce a karanta.

"Ka ga Inna," in ji ta, "rumbunta cike yake, amma kullum da sahe tiya guda taka ɗibowa. Ba ta zazzage rumbu bisa hwaihwai don tana da shi. Kai ko taka na'ura motar Buza ta. Ka cika ta, in ta kai ga tudu ta sauke wasu zuwa diski, ta koma ta kwaso su, ta sake saukewa. Nan wuninka ka tahiya."

Gaskiya ta faɗa, kuma na san gaskiya ce, abin da ya ƙara ƙona ni ke nan. Na ce, "Wannan dabarar talaka ce. Mai giga shida ba ya awo." Ta yi dariya ta ce Allah ya ba mai shida sa'a.

Ranar Laraba da hantsi muka hallara a rumfar ƙungiya. Dattawa bakwai a kan tabarma, Alhaji Ɗan Juma a kujera, ga akwatin ƙarfe a tsakiya. Da aka buɗe shi warin tsohuwar takarda ya tashi. Wasu sun yi ja, wasu gara ta yi musu ƙofofi, wasu da ajami, wasu da faransanci da dangwalen yatsa a ƙasa. Aka ba kowannenmu hamsin da na'urar ɗaukar hoton takarda. A ɗauki hoto, a rubuta sunan mai gona da garinsu da iyakokinta.

Nan fa na ga wurin nuna gwaninta. A bugun rubutu Zainabu ba ta kama ƙafata, wannan ko ita ta sani. Na sa hoto a mafi nauyinsa don dattawa su ga har zanen yatsa. Duk wanda na ɗauka na bar shi a buɗe, na jera su a fuskar na'ura reras don a ga yawan aikina. Kuma na bi al'adata ta shago, wato sai na gama duka in adana gaba ɗaya, don tsayawa adanawa ɓata lokaci ne. Ina satar kallonta. Ta yi goma, ta tsaya, ta adana, ta rufe, ta ɗauko wasu goma. Ina ta talatin tana ta ashirin da biyu. Dattawa suka fara matsowa bayana. Wani tsoho mai suna Baba Arzika ya ga takardar gonarsa ta fito ƙatuwa a fuskar na'ura, ya ce, "Allahu akbar, ga hannun babana!" Ranar ban taɓa jin daɗin kaina kamar lokacin ba.

A ta talatin da takwas ƴar kibiyar da ke yawo a fuskar na'ura ta fara jan ƙafa. Fanka ta ɗauki gurnaninta. Ƴar fitilar diski ta kama ta ƙi sakewa. Na ce a raina saura kaɗan, daure. Na yi ta arba'in, na yi ta arba'in da uku. Ina sa ta arba'in da huɗu fuskar ta koma shuɗiya.

Na kashe na kunna, muka zauna muna kallonta tana tashi da jama'arta ashirin. Da ta farka na duba ko'ina. Babu. Ko suna ɗaya bai kai rumbu ba.

Baba Arzika ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, ina hannun babana ya tahi?"

Na ce takardarsa tana nan lafiya, hoton ne ya ɓace. Ya lalubo takardar daga cikin tarin, ya ninke ta a hankali ya riƙe a ƙirji, bai mayar cikin nawa ba. Can gefe Zainabu ba ta ko ɗago kai ba. Ta gama goman ƙarshe, ta adana, ta juya na'urar wajen Alhaji. Hamsin cif. Alhaji ya duba, ya yi shawara da dattawa a taƙaice, ya juyo gare ni ya ce, "Lawali, hannunka da sauri, kowa ya gani. Amma takardun ga abin da gara ta rage muna ke nan. Ba mu iya ba da su ga abin da ka mantuwa." Aka shafa fatiha, aiki ya zama na Zainabu.

Na taya ta murna a gaban mutane, har na ce jini ba ya ƙarya. A cikina kuwa ji nake kamar in ɗauki tsohuwar na'urar nan in ce na fasa kyautar. Amma shara ba a karɓe ta, ko mahaukaci ya san haka.

Da azahar muna tsakar gida, na ƙi cin abinci na ce kaina ke ciwo. Zainabu ta fito da ɗan sukurdireba ta ce, "Kawo ta in gani." Na ce ba ta buƙatar likitan ƙauye. Gwaggo ta ce, "Ba ta mana, Lawali." Ba a musu da Gwaggo. Ta kwantar da na'urata a kan tabarma ta kwance bayanta. Ta tsaya tana kallo. Sai ta sa farce ta zaro ƙaramar baret ɗin, ta ɗaga ta a rana. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tata, ta kwance, ta zaro ta ciki, ta jera su biyu a tafin hannunta. Launi ɗaya, ƴar takardar da ke manne iri ɗaya.

"Inna, kin ga tagwaye? Shekara biyu rabonsu da juna."

Na fara cewa ai irinsu da yawa a kasuwa. Ta ce, "Taubashi, bari. Ran da kab ba ni ita na ga an rubuta huɗu a jikinta, ciki ko biyu. Na buɗe na iske gurbi guda wayam, ko ƙura babu. Na san hannun da ya yi aikin."

"Me ya hana ki magana?"

"In ce mi? Kyauta ta. Abin da anka ba ka shi a naka."

Na miƙa hannu zan ɗauki na'urata. Ita kuwa ba ta gama ba. Ta soka baret biyun duka a tata, ta kunna. Giga huɗu, kamar yadda take tun asali. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta shiga buɗe hotunan takardu ɗaya bayan ɗaya ba ta rufewa. Muna kallon layin memwar yana hawa a ƴar tagar nan. Ya wuce rabi, ya ƙara hawa. Na'urar da ta shekara biyu ba ta yi ko tari ba, sai ga fuskarta shuɗiya.

Ta zare baret ɗin ta miƙo mini. "Wagga ta lalace tun tuni. Akwai wurin da ya ruɓe cikinta. In aiki kaɗan na, ba a kai gare shi. In memwar ta cika har ta kai nan, sai na'ura ta hwaɗi. Ita ta kashe maka tsohuwar, kai ko ka ɗauke ta da hannunka ka kai ma sabuwar." Dariyar ta bar fuskarta. "Da ka ba ni ita cikakka, da ban koyi komi ba, kuma da ni ta kayar tun watan hwarko, in ce ban iya ba in aje."

Gwaggo, wadda ban zaci tana gane komai a zancen ba, ta ci gaba da tsince wakenta ta ce, "Haka ubanka yake tun muna yara. In an ce shi raba muna rake, sai shi ɓoye gaɓa guda, kuma kullum mai tsutsa yaka ɓoyewa."

Zainabu ta mayar da murfin tawa, ta kunna, ta hana abubuwa goma sha shida tashi, ta cire biyu daga cikin magungunan cutata uku da ta ce junansu suke gadi. Ta naɗe baret ɗin a ƴar takarda ta sa mini a aljihu da kanta.

Dawowa ba abin da ya faru, ƙorama ta bushe, ko a Buza ban tsaya ba don kada in haɗu da Isuhu. Yau kwana ashirin ke nan, na'urata da giga huɗunta ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Kuna tsammani daɗi nake ji? Duk safiyar da ta farka da wuri sai in tuna wadda ta gyara ta. Labarin nan ma duk layi goma sai na tsaya na adana, ina yi ina jin haushin wadda na koya a wurinta. Aikin shekara biyu ya tafi, shago yana nan yadda kuka san shi, kuma an ce takardun Madawa ma ita za ta zo ta ɗauka, a garina, ƙila a kan teburina. Na roƙi Allah ya cire mini kyashin nan, ya rage amma bai fita ba. Baret ɗin tana cikin aljihun tebur, na kasa jefar da ita.

Shekaranjiya ta kira ni, ta ce watan cika-ciki ya kusa, kada in ce na manta da shara. Na ce ta faɗi abin da take so, in dai ina da shi. Ta ce ta ji an ce ina da wata tsohuwar na'urar fotokopi da ke ba ni wahala.

"Ita nika so," in ji ta. "Amma don Allah kahin ka kawo, ka buɗe ta ka cire abin da ranka ya so. Hannunka na da albarka."